Abin wasan da yaro bai taɓa ba

A watan Agusta na shekarar 2024, wani gidan gwanjo na ƙasar Amurka mai suna Goldin ya sayar da wani ɗan mutum-mutumin roba, wanda tsawonsa bai cika santimita 10 ba, a kan dala miliyan 1 da dubu 342. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. In an juya kuɗin, sun kusa sefa miliyan 800. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar kuma, gidan gwanjon Heritage da ke birnin Dallas ya riga ya sayar da wani ɗan'uwansa a kan dala dubu 525. Dukansu biyu siffar Boba Fett ce, wani mafaraucin mutane na cikin finafinan Star Wars, kuma kamfanin Kenner ne ya ƙera su a 1979 a matsayin samfurin gwaji. An so a yi shi da ɗan makami a bayansa wanda yaro zai latsa ya harba, sai aka fasa bayan da wani yaro ɗan shekara 4 ya rasu sakamakon shaƙewa da irin wannan makami na abin wasan wani kamfani dabam. Saboda haka waɗannan ƴan robobi ba su taɓa isa kanti ba, babu uban da ya taɓa saya wa ɗansa ko ɗaya daga cikinsu.

Mai karatu yana iya cewa: to ina ruwanmu da yadda attajiran Amurka suke ɓarnar dukiyarsu? Da abin ya tsaya ga ɓarnar dukiya, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa na ɗauka shi ne sunan da ake raɗa wa wannan harka. Masu tara waɗannan jaruman roba, da jaridun da ke yi musu kirari, da shirye-shiryen talabijin da ake yi a kansu, duk bakinsu ɗaya: wai suna adana ƙuruciya ne, wai suna ceton gadon wani zamani. To gado da adanawa kalmomi ne da mu malamai da ƴan ƙungiyoyin raya al'adu muke riƙe da su kullum, don haka wajibi ne mu duba abin da ake cusawa a cikinsu. Ra'ayina a taƙaice shi ne: abin da ke cikin akwatunan nan masu sheƙi haja ce da aka ƙera domin talla, ƙuruciyar kuwa tana can cikin abin da masu tarawa suke rainawa, wato abin wasan da ya koɗe, ya karye, ya rasa hannu.

Wa ya shuka kewar?

Labarin mai tarawa kusan guda ne duk inda ka je, ko a jihar Ohio, ko a Lyon, ko a Osaka. An haife shi a shekarun 1960 ko na 1970. An saya masa jaruminsa na farko ranar Kirsimeti ko ranar zagayowar haihuwarsa. Ya girma, ya bar gida, mahaifiyarsa ta share ɗaki ta zubar da kwalin kayan wasansa, ko ta sayar da shi a bakin ƙofa da kuɗi ƙalilan. Bayan shekara 20, yana da albashi yana da iyali, sai ya ci karo da irin jarumin nan a intanet, gabansa ya faɗi, ya saya. Daga ɗaya aka koma goma, daga goma aka ware ɗaki guda. Ba na musun kewar da yake ji. Duk wanda wani ƙamshi ya taɓa mayar da shi ɗakin kakarsa ya san kewa ba abin dariya ba ce. Tambayata ita ce: wa ya shuka abin da yake kewa, kuma wa yake girbi?

Tarihin a bayyane yake, kamfanonin ma ba su ɓoye shi ba. A 1959 kamfanin Mattel ya fito da ƴar tsana Barbie, ya kuma gano cewa ribar gaske tana cikin tufafi da takalma da sauran tarkacen da za a yi ta saya mata. Wani ɗan kasuwa mai suna Stan Weston ya ce a yi wa yara maza irin wannan tarkon, ya sayar wa kamfanin Hasbro da dabarar a kan dala dubu 100. A 1964 aka haifi G.I. Joe, soja mai tsawon kimanin santimita 30, mai gaɓoɓi masu motsi, da tabo a kumatunsa na dama. Da yake an san uba Ba'amurke ba zai saya wa ɗansa namiji ƴar tsana ba, sai kamfanin ya haramta wannan kalma a tallansa, ya ƙirƙiro sabon suna mai nuni da motsi da jarumta. Wato sunan da wannan haja take amsawa a yau, tun ranar sunanta dabarar talla ne. Da yaƙin Biyetinam ya sa iyaye suka fara ƙyamar soja, a 1970 sai aka tuɓe wa Joe kakin yaƙi aka mai da shi mai yawon neman kasada a daji da ƙarƙashin teku. Halin jarumin yana bin kasuwa kamar yadda jela take bin raƙumi.

Sai Star Wars. Fim ɗin ya fito a watan Mayu na 1977, ya samu karɓuwar da ba wanda ya zata, Kenner kuwa, wanda ya sayi izinin ƙera kayan wasan, bai shirya komai ba. Da Kirsimeti ta ƙarato sai ya jera kwalaye a kantuna, babu jarumi ko ɗaya a ciki sai takardar alkawari cewa za a aiko da jarumai huɗu ta gidan waya tsakanin Fabrairu da Yunin 1978. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, amma iyayen Amurka sun yi, kuma da murna. Daga 1978 zuwa 1985 an sayar da ɗaruruwan miliyoyi na waɗannan ƙananan jarumai, kuma a bayan kwalin kowanne akwai hotunan sauran da yaro bai mallaka ba tukuna. A nan aka koya wa yaro ɗan shekara 7 cewa abin da ke hannunsa guntu ne na wani jeri, kuma jerin bai cika ba. Dattijon da ke neman na ƙarshen da ya rage masa a yau, darasin bayan kwalin nan yake bitawa.

Lokacin da talla ya zama tatsuniya

A shekarun 1970 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, tana da ƙa'idojin da suka iyakance talla a shirye-shiryen yara, suka kuma raba tsakanin shiri da talla. Da Ronald Reagan ya hau mulki a 1981, ya ɗora Mark Fowler a kan hukumar, mutumin da ya ɗauki talabijin a matsayin na'ura kamar kowace na'urar ɗakin girki, wadda kasuwa kaɗai ya kamata ta yi wa hukunci. A 1984 aka cire iyakar. Tun kafin nan ma ƙofa ta riga ta buɗe: Mattel ya fito da robar He-Man a 1982, sannan a 1983 aka fara nuna fim ɗinsa na zane mai motsi, kashi 130 gaba ɗaya. A lura da jerin: an fara ƙera haja, daga baya aka nemo mata labari. Haka aka yi wa G.I. Joe da aka farfaɗo da shi a 1982, haka aka yi wa Transformers a 1984, waɗanda asalinsu kayan wasan kamfanin Takara ne na Japan, aka sauya musu suna aka rubuta musu yaƙi. Peggy Charren da ƙungiyar iyaye da ta kafa a 1968 sun yi ta kukan cewa waɗannan shirye-shirye talla ne mai tsawon rabin awa. Majalisa ta yi doka a 1988, Reagan ya ƙi sa hannu. Sai a 1990 aka dawo da iyaka, minti 10 da rabi a awa a ƙarshen mako, minti 12 a sauran ranaku.

Kada a ce kowa haka ya yi a lokacin. Lardin Kebek na Kanada ya hana yi wa ƴan ƙasa da shekara 13 talla tun 1980, kuma da wani kamfanin kayan wasa ya kai ƙara, kotun ƙolin Kanada ta tabbatar da dokar a 1989. Suwidin ta hana tallan talabijin ga ƴan ƙasa da shekara 12 a 1991. Abin da ya faru a Amurka zaɓi ne na siyasa, kuma yaran da aka yi gwajin a kansu su ne masu tarawar yau.

In ana son a ga yadda kamfanonin suka ɗauki zukatan yaran nan, a dubi shekarar 1986. A fim ɗin Transformers da aka kai gidajen sinima, an kashe Optimus Prime, shugaban jaruman, wanda yara da yawa suka ɗauka tamkar uba. Dalili? Ana son a share tsofaffin haja daga kanti domin a jera sababbi, kuma waɗanda suka yi aikin fim ɗin sun faɗi haka da bakinsu daga baya. Yara suka yi ta kuka a sinima, iyaye suka yi ta aika wasiƙun fushi, sai aka tayar da shi daga matattu a 1987. An kashe shi domin ciniki, an raya shi domin ciniki. He-Man kuwa, da cinikinsa ya kai wajen dala miliyan 400 a 1986, a shekarar da ta biyo ya faɗo zuwa miliyan 7, aka yi watsi da shi ba tare da zaman makoki ba. Wannan shi ne gadon da ake cewa a yi wa ɗaki.

Hujjar da ta fi ƙarfi, da inda ta karye

Mai tarawa mai hankali zai amsa mini da cewa: duk wannan gaskiya ne, amma ni ba talla na yi wasa da shi ba. Na kai jarumina bayan gida, na haƙa masa rami, na haɗa sojan wannan kamfani da dodon wancan, na ƙirƙiro labarin da babu marubucin da ya san shi. Na yarda da wannan ƙwarai. A 1957, a cikin littafinsa Mythologies, Roland Barthes ya zargi kayan wasan masana'anta da mai da yaro mai amfani kawai maimakon mai ƙirƙira, amma ina ganin ya raina wayon yara. Yaro yakan ƙwace abin da aka sayar masa ya juya shi yadda yake so. To amma wannan hujja, in an bi ta har ƙarshe, mai tarawa take kayarwa. Gama ƙirƙirar nan tana barin shaida: fenti ya goge a hanci, bindiga ta ɓace a cikin yashi, ƙane ya tauna ƙafa, an rubuta suna da biro a tafin sawu. Kowane tabo shafi ne na tarihin wasan. Kasuwar masu tarawa kuwa kowane tabo ragin kuɗi take lissafa shi.

Akwai kamfanoni a Amurka, kamar AFA, waɗanda aikinsu ke nan: a aika musu abin wasa, su duba shi da madubin ƙara girma, su ba shi maki bisa 100, su rufe shi cikin akwatin roba mai haske wanda ba a buɗewa sai an fasa. Mu da muke ba ɗalibai maki bisa 20 mun san cewa maki yana bin abin da aka aikata. A nan kuwa maki mafi girma na wanda bai aikata komai ba ne: wanda yake manne a kwalinsa, ledarsa ba ta tsage ba, kusurwar kwalin ba ta lanƙwashe ba. Abin wasan da ya kwana shekara 40 a ma'ajiyar wani kanti da ya karye, ko wanda aka saya aka manta ba a ba yaron ba, shi ne sarki. Kyautar da ba ta isa hannun mai ita ba, ita ce ake kira ƙuruciyar da aka adana.

A kuma tambaya: me ya sa wanda ba a buɗe ba yake da tsada? Domin miliyoyin yara sun yage nasu kwalayen sun yi wasa har robar ta mutu. Wasan waɗancan shi ya haifar da ƙarancin da wannan yake sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An ma ga hujjar a aikace: da Kenner ya dawo da jaruman Star Wars a 1995, manya suka yi ta saye suna ɓoyewa ba tare da sun buɗe ba, da zaton za su yi arziki. Da yake kowa ya ɓoye, akasarinsu ba su yi wata daraja ba. Ashe dukiyar mai tarawa tana buƙatar wasu su yi wasa domin shi ya ƙi yi. Fim ɗin Toy Story 2 na 1999 ya gane wannan sarai, har ya sa mugun labarin ya zama tsohon abin wasan da bai taɓa samun yaro ba, wanda ɗacin zaman kwali ya lalata wa zuciya. Bayan fitowar fim ɗin kuma aka ƙera robarsa aka sayar, wasu suka ajiye a kwali.

Girbi na biyu

Kamfanonin ba su yi barci ba. Sun lura cewa yaron 1984 ya zama mai albashi, sai suka koma gona guda domin girbi na biyu. Ana sake ƙera tsofaffin jarumai da irin kwalin da, har da zanen tsufa na ƙarya a gefensa. A 2018 Hasbro ya nemi manya su biya dala 500 tun kafin a ƙera wani jirgin roba na Star Wars, suka biya: kwalin 1977 ya dawo, sai dai wannan karon yaron da kansa yake cinikin birin. A watanni ukun farko na 2024, kamfanin ƙididdigar kasuwa Circana ya bayyana cewa a Amurka kayan wasan da manya suka saya wa kansu sun zarce waɗanda aka saya wa yara ƴan shekara 3 zuwa 5. Mai tarawa yana ɗaukar kansa mai tsaron tarihi, alhali a littafin kamfani sunansa abokin ciniki mai aminci, wanda aka kama tun yana ɗan shekara 6.

Za a ce kuɗinsa ne, kuma tsohon zuma da shi ake magani. Kuɗinsa ne, ba na kiran a hana kowa abin da yake so. Wanda ya jera jarumansa a kanta domin su faranta masa rai bai zalunci kowa ba. Sai dai roba ba zuma ba ce. Tana yin rawaya, tana yin danƙo, zaren robar da ke riƙe da ƙugun ƙaramin G.I. Joe yana tsinkewa ko da ba a taɓa shi ba, har a ga jarumi ya rabu biyu a cikin kwalinsa da ba a buɗe ba. An hana shi mutuwar wasa, ya yi mutuwar ajiya. Za a kuma ce waɗannan abubuwa shaidar tarihi ne. Haƙiƙa shaida ne, kuma ya kamata a adana wasu: shaidar yadda masana'anta da talabijin da siyasa suka haɗa kai a kan yaro. Amma shaida tana buƙatar bayani da ƙofa a buɗe. Abin da aka kulle a ɗakin mutum ɗaya ana jiran farashi ya hau, sunansa jari.

Akwai gidan da ya fahimci bambancin. Gidan tarihin wasa na Strong da ke birnin Rochester a jihar New York yana da zauren girmama kayan wasa. An shigar da G.I. Joe a 2004, jaruman Star Wars a 2012. Amma a 2005 an shigar da kwali, kwalin banza wanda aka fitar da kaya daga ciki. A 2008 aka shigar da sanda, itacen da yaro ke tsinta a hanya. A 2021 aka shigar da yashi. Masu wannan gida sun gane cewa darajar abin wasa tana cikin abin da yaro ya mai da shi. Babu gidan gwanjon da zai iya ba sanda maki.

Gwanjo biyu

Harshenmu ya yi mana wata hikima a nan, gama kalma ɗaya muke da ita ga kasuwar da aka sayar da Boba Fett da kuma tulin tsofaffin kayan Turai da ake bajewa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai: duka gwanjo ne. A wancan gwanjon ana sayar da wanda ba a taɓa ba. A namu kuwa, a cikin tarkacen da ake zubewa a tabarma, akan samu jarumi mai hannu ɗaya wanda wani yaro a wata ƙasa ya gama da shi. Yaron da aka saya wa bai san sunansa ba, bai ga fim ɗinsa ba, sai ya raɗa masa suna, ya ɗora shi a motar kara ko ta waya da ya ƙera da hannunsa, ya mai da shi direba ko ɗan kamasho. A ma'aunin AFA wannan roba ba ta da maki. A ma'aunin wasa tana rayuwa ta biyu.

Abin da nake jiye mana shi ne mu ari tunanin masu tarawa ba tare da mun sani ba. Idan ƙungiya ta tashi raya al'adu, abu mafi sauƙi shi ne ta samo motar kara, da shanun laka, da ƴar tsanar ƙashi ko ta kara, ta jera a tebur ranar biki, ta kafa takarda cewa kada a taɓa, a ɗauki hoto a watse. Wannan shi ne akwatin AFA da rawani. Motar kara ba a yi ta domin ta daɗe ba. Ana ƙera ta bayan girbi, ta karye, a ƙera wata. Abin gadon shi ne sanin yadda ake fere karan, da yadda ake haɗa ƙafafun, da gardamar da yara ke yi a kan wadda ta fi gudu, kuma wannan ba ya zama a kanta, a hannu yake zama. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashenta na 31, haƙƙin yin wasa ta ambata. Ƙungiyar da take son ta kare wannan haƙƙi, ta nemo wanda ya iya ya zauna da yara, ta tanadi kara da waya da laka, ta rubuta sunayen wasanni da ƙa'idojinsu daga bakin tsofaffi, makaranta kuma ta bar wa yara filinsu da lokacinsu. In an ajiye mota ɗaya domin tarihi, a ajiye wadda ta sha gudu, a rubuta garin da aka yi ta da shekarar da aka yi ta, sannan a bar sauran su karye a hannun masu su.